Wasan Bebaye a Gangare

An ɗauke wuta tun la'asar,
ruwan Agusta ya tsare mu a falo,
sanyin Jos na lallaɓowa ta ƙarƙashin ƙofa.
Sai Ladidi ta yage bayan littafin lissafinta,
ta ce, ku matso in koya muku wasan bebaye.

A rabu gida biyu, in ji ta.
Kowa ya rubuta abu a 'yar takarda,
ya nannaɗe, ya jefa a hular Sabi'u.
Wanda ya zaro, bakinsa ya mutu.
Ba magana, ba motsa leɓe,
ba nuna abin da yatsa ko da yana kan tebur.
In kalma biyu ce, ɗaga yatsu biyu.
In ta yi kama da wata a ji, ja kunnenka.
In an canka, dafa hancinka.
Minti ɗaya tak, wayata ce alƙali.

Chundung ta maƙwabta ce ta fara.
Ta duƙa, ta tona, ta kakkaɓe, ta jefa a buhu.
Dankali! Ta dafa hanci tana rangwaɗa.

Sabi'u ya buɗe tasa ya yi tsuru-tsuru,
ya hau wani abin da ba ya nan, ya murɗa hannu,
ya kauce wa rami, ya kauce wa ɗan sanda.
Muka ce keke, muka ce jaki, wani ya ce aljani.
Haba, ɗan acaɓa fa! Ya fashe da baki,
aka ci shi tarar dafa shayi.

Ni kuwa kasuwar Taminus na zaro.
Na matse kafaɗa, na dafe aljihu,
na yi ciniki da iska har muka ɓata.
Ba wanda ya gane. Waya ta yi ƙara.

Duk wannan Baba na kujerarsa kusa da garwashi,
bargo a gwiwa.
Shekara biyu ke nan da ciwo ya karɓe masa harshe
ya haɗa da hannun dama.
Da muke rabon gida ba mu ƙirga shi ba,
ko kunyar hakan ba mu ji ba
sai da sandarsa ta ƙwanƙwasa siminti sau uku.
Ya miƙo hagu, mai sauran rai, wajen hula.

Ya zaro, ya duba, ya ajiye a cinya.
Ya buɗe tafinsa kamar mai riƙe da ƙwarya,
ya juya, ya juya, ya karkata,
ya tsiyaye ruwan da ba mu gani.
Tankaɗe! Regen shinkafa! Damun fura!
Ya girgiza kai. Ya sake juyawa.
Can sai ya tsaya cak,
ya ɗaga ido ya bi wani abu da kallo
daga taga har bakin ƙofa,
ƙwaryar ta suɓuce masa.

Minti ya cika tuni. Ladidi ta kife wayar.

Inna na tsaye a ƙofar kicin da ludayi.
Ta ce, wankin kuza ne, a ramin Bukuru.
Ranar da na wuce da tallan masara,
ya saki baki yana kallona
har aikin yini guda ya bi ruwa.
Kwana biyu ba a biya shi ba.

Baba ya ɗaga yatsa a hankali,
ya dafa hancinsa.
Rabin bakinsa ya yi dariya,
ɗaya rabin na biye da shi daga nesa.

Da muke tattara takardu na buɗe tasa.
Agwagwa aka rubuta, da rubutun Sabi'u.
Ladidi, mai tsananin doka, ta leƙo ta gani,
ta karɓe ta jefa a garwashi,
ta ce, maki na gidan su Baba ne.
Ba wanda ya tambayi wane gida.

Inna ta koma kan miyarta.
Muka ji tana buga ludayi a bakin tukunya,
ta daɗe tana bugawa.